Ado a ƙofa, hayaƙi a ciki

Har yau raina a ɓace yake kan abin da ya same mu a wani gidan cin abinci a birnin Guangzhou na ƙasar China. Baje kolin Canton na watan Oktoba ne ya kai mu, wanda ake yi a Pazhou, ni da ubangidana Alhaji, dattijo ɗan shekara 68 mai fama da asma. Mun yini a tsaye, da magariba muka koma wajen Xiaobei, inda Musulmi da 'yan Afirka suka fi yawa, muna neman abincin halal. Alhaji ne ya ce yana son ya ɗanɗana huoguo, abincin nan da ake ɗora tukunyar romo a tsakiyar tebur tana tafarfasa, kowa yana tsoma yankakken naman rago da ganye yana dafa nasa da kansa.

Gaban gidan ne ya ja mu. Ƙofar katako mai sassaƙa, fitilu jere har sama, ga tambarin halal ɓaro-ɓaro, gilashi sai ƙyalli yake. Kana gani ka san an zuba kuɗi.

Muna shiga zafi ya mare mu. Irin tukunyar tagulla ce ta mutanen Beijing, mai bututu a tsakiya da ake cika wa garwashin gawayi, kuma kowane tebur da tasa. Na ɗaga kai ina neman abin zuƙe hayaƙi, babu ko ɗaya a saman teburan. Silin ɗin an lulluɓe shi da adon gora da zanen furanni, tagogi kuma a liƙe saboda na'urar sanyaya ɗaki. Wane irin mai zanen gini ne zai tara wutar gawayi a rufaffen ɗaki bai buɗe wa iska hanya ba? Ko mai tsiren bakin titi ya san inda zai juya hayaƙinsa! Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, sai dai ka ji kanka ya fara sarawa. Wannan ba maganar ƙawa ba ce, maganar rai ce.

Ga tayil mai santsi, tururin kitse ya kwanta a kansa. Tsakanin kujera da kujera da ƙyar mutum zai wuce a karkace, kuma ta nan ma'aikata ke bi da butar tafasasshen romo, a saman kawunan yara. Wallahi duk lokacin da yarinyar da ke kawo romon ta gifta ta bayan Alhaji sai gabana ya faɗi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne fitilun ciki. Jajaye ne masu duhu, don hoto ya yi kyau a waya. To a gidan da kai ne mai dafa namanka, da launi kake gane ya nuna ko bai nuna ba. A ƙarƙashin jar fitila ɗanye da dafaffe duk ɗaya suke. Sai da na kunna tocilan wayata ina haska kowane yanka kafin in sa wa dattijo a kwano.

Ba mu yi minti 30 ba ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, fitar da ni, ƙirjina ya riƙe." Na tallabe shi, ina jin ƙafarsa tana zamewa a kan maiƙon, har muka kai ƙofa.

Na koma na sami manajan, na rubuta masa ƙorafina a manhajar fassara. Ya karanta, ya nuna min wata ƙaramar fanka a lungun kicin, sannan ya miƙo min takardar kuɗin abincin, cikakke, har da na romon da ba mu sha ba. Na biya don ba ni da lokacin jayayya. Alhaji yana zaune a kan matakala a waje, ƙarƙashin fitilun nan masu tsada, yana shaƙar maganinsa hannunsa na rawa.