Duk ranar da aka koma akwati, a fara mana da zaɓen kansaloli

Jama'ar Maraɗi, assalamu alaikum. In aka tayar da zancen zaɓe a fada ko a teburin mai shayi, hankalin kowa Yamai yake tafiya: wa zai hau kujerar shugaban ƙasa, wa zai tafi majalisar dokoki. Ni kuwa abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaɓen nan da muka raina tun muna da shi, na kansaloli da magadan gari. Shi ne mafi kusa da ƙofar gidan talaka, kuma shi muka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ranar 24 ga Yuli 2004 aka fara zaɓen ƙananan hukumomi a faɗin Nijar, guda 265 a lokacin. Kafin nan wanda aka turo daga Yamai shi ne wuƙa shi ne nama. Aka sake yi a Janairun 2011. Wa'adin kansila shekara 5 ne, wato a 2016 ya kamata a koma rumfa, amma aka yi ta ƙara musu wa'adi har sai 13 ga Disamba 2020. Kusan shekara 10 mutum na zaune a kan kuri'ar da aka ba shi ta shekara 5, kuma mu nawa ne muka ɗaga murya? Da zaɓen shugaban ƙasa aka ɗage haka, da ƙasar ba ta zauna lafiya ba. Wannan shirun namu shi ya nuna wa masu mulki cewa abin bai dame mu ba. Ko na 2020 ɗin ma, mako biyu ne kacal tsakaninsa da zaɓen gama-gari na 27 ga Disamba, don haka guguwar manya ta haɗiye shi. Yau kuwa babu ko ɗaya: a Afrilun 2024 hukumomin soja sun rusa majalisun, suka naɗa kantomomi, a Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa.

To me ke hannun ƙaramar hukuma da har nake wannan kuka? Takardar haihuwar ɗanka daga ofishin magajin gari take fitowa. Tikitin da ake yanka wa mai tumatir ranar kasuwa, da harajin da mai gari ke tarawa, can suke shiga. Yankan filaye, kwashe shara, gyaran magudanar ruwa kafin damina, duk nasu ne. Tun 2016 gwamnati ta ce ta miƙa musu wani sashe na ilimi, kiwon lafiya, ruwan sha da muhalli, ko da yake aikin ya fi kuɗin saurin isowa. Wanda ke zaune a bakin Gulbin Maraɗi ya san abin da ƙwazazzabo ke yi wa gida cikin dare ɗaya. Manomin Dakwaro da makiyayin Bermo sun san cewa in aka cinye burtali da shuka, jini ne ke biyo baya. Mutanen Gidan Rumji da Cadakori, da suka karɓi 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, sun san yadda layin famfo da ajin makaranta suka ƙara cika. Babu ministan da zai taso daga Yamai ya duba waɗannan. Kansilan da aka haifa a wurin shi ya san rijiyar da ke ƙafewa da bazara.

Ba ina cewa abin da muke da shi a da mai kyau ne ba. Wallahi akwai ɓarna, kuma tun kafin ranar zaɓe take farawa. A lokacin, mu ba mutum muke zaɓa ba, jerin sunayen jam'iyya muke jefa wa kuri'a, a raba kujeru gwargwadon abin da kowane jeri ya samu. Saboda haka wanda ya tsara jerin shi ya yi rabin zaɓen. Su wa ke tsarawa? Jigogin jam'iyya da alhazan da ke biyan kuɗin mota da na mai. Malamin makarantar da kowa ya yarda da amanarsa sai ka iske sunansa can ƙasa, inda kujera ba za ta kai ba, ɗan gidan mai kuɗi yana sama. Dokar 2019 ta ce a bai wa mata aƙalla kashi 25 cikin 100 na kujerun zaɓe, abu mai kyau ƙwarai, amma sau da yawa sai a ɗauko sunan matar wani ko ƙanwar wani don cike gurbi, a bar matan da ke riƙe da asusun adashi da ƙungiyoyin unguwa, waɗanda suka iya lissafi suka kuma iya tsayawa a gaban maza su yi magana.

Sannan a lokacin magajin gari ba mu ke zaɓensa ba, kansaloli ne ke fitar da shi daga cikinsu. A nan ne ake cinikin da ya fi na ranar zaɓe muni, domin sayen mutum biyu ko uku ya isa ya juya abin da gari guda ya so. Mu ma talakawa da namu laifin. A ƙaramar gunduma kuri'u kaɗan ne ke raba mai kujera da wanda ya faɗi, amma a nan ɗin ne aka fi sayar da ita da arha, sabulu da turmin atamfa da jika biyu.

Na san masu cewa gara kantoma, ba ya jiran gardamar 'yan jam'iyya, aiki yake yi. Akwai masu ƙoƙari a cikinsu, ban musa ba. Sai dai kantoma wanda ya naɗa shi yake kallo, gare shi yake kai rahoto, shi kaɗai ke iya cire shi. Kansila kuwa ka san gidansu, ka san ubansa, za ku haɗu a wurin suna da jana'iza da masallacin Juma'a. Kana iya riƙe masa hannu ka ce, «Malam, ina maganar famfonmu ta kwana?» Dole ya amsa, don ya san zai dawo neman kuri'arka. Masu kawo hujjar tsaro kuma, gaskiya ne yankin Gabi da Madarunfa na fama da 'yan bindiga, amma a 2020 ma suna nan aka yi zaɓen. Garin da ke cikin tsoro shi ya fi bukatar wakili na jikinsa.

Abin da nake roƙo ke nan. In lokacin komawa zaɓe ya yi, a fara daga ƙasa, a sa tazara mai faɗi tsakaninsa da na shugaban ƙasa don a yi gardama a kan kwata da kasuwa da burtali. A sauƙaƙa wa 'yan takara masu zaman kansu, yadda mutanen Jiratawa ko Ɗan Isa ko Tasawa za su iya tsara jerinsu ba sai wani babba ya sa albarka ba. A ɗaure wa'adi yadda ba mai iya ƙara shi da sa hannu. Sarakunanmu su ci gaba da zama a majalisa suna ba da shawara kamar yadda aka saba. Kasafin kuɗin gunduma kuma a fassara shi da Hausa, a karanta shi a rediyon gari kowace shekara, a faɗi abin da kasuwa ta tara da inda ya tafi.

Akwai kuma aikin da ba sai mun jira kowa ba. Yaran da ba su kai shekara 18 ba a 2020 yanzu da yawansu magidanta ne, kuma a ƙauyukanmu akwai waɗanda ko takardar haihuwa ba su da ita. In aka buɗe rajistar masu zaɓe, za a yi ta gudun neman shaidu a ƙurarren lokaci. Iyaye da masu unguwanni, a taimaka a fitar musu da takardunsu tun yanzu.