Kafin ki cire yaronki daga makaranta a Ingila

Daren Lahadin da ta wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, wata ƙanwata ta zumunci ta kira ni muryarta na rawa. "Anti, na gama shawara. Gobe ba inda za su je. Duka ukun zan cire su, in koyar da abina a gida kamar yadda kike yi." Na ce mata lafiya? Ashe wani saƙon murya ne ya zagaya a guruf ɗin WhatsApp na matan unguwarsu, a kan abin da ake koya wa yara a darasin zamantakewa, wato na iyali da mu'amala da mutane. Ba ta ga littafin da idonta ba, ba ta taka makarantar ta tambaya ba. Mun kai sha biyun dare muna magana, kuma har yau abin bai bar raina ba. Rubutun zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Shekara uku ke nan ina koyar da ɗana a gida a nan Manchesta. Na cire shi ne yana aji huɗu, bayan wata da watanni yana kuka kowace safiya saboda tsangwamar da yara ke masa a kan in'ina. Na yi zarya makarantar har ƙafata ta gaji. Ban taɓa yin da-na-sani ba. Amma duk wadda ta zo mini cikin zafin rai tana son bin sahuna, abin da nake fara ce mata shi ne ta dakata tukuna.

Ita dai doka ba ta hana ki ba. Sashe na 7 na Dokar Ilimi ta 1996 a wuyan iyaye ya rataya nauyin: su tabbatar yaro ya sami ilimi mai inganci, na cikakken lokaci, daidai da shekarunsa da basirarsa da duk wata buƙata ta musamman da yake da ita, ko ta zuwa makaranta ko ta wata hanya dabam. Wannan "ko ta wata hanya dabam" ɗin ita ce ƙofar da duk muka bi. Wajibin yana farawa daga zangon karatun da ya biyo bayan cikar yaro shekara 5, ya ƙare ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Yuni a shekarar karatun da zai cika 16. Ba a neman takardar malanta a wurinki. Ba dole ki bi manhajar gwamnati ba, ba dole ki yi jadawali irin na makaranta ba. Wasiƙa ɗaya za ki rubuta wa shugaban makarantar cewa a cire sunan yaro daga rajista don za ki ilimantar da shi a gida, su kuma su sanar da kansil, wato ƙaramar hukumar yankinku. Inda ake buƙatar izinin kansil shi ne idan yaron yana makarantar masu buƙata ta musamman da hukuma ta sa shi, ko kuma akwai umarnin hukuma na tilasta masa zuwa makaranta.

Abin da ƙanwar tawa ta yi niyya kuwa, wato ta wayi gari kawai ta hana su fita, shi ne hanya mafi muni. Muddin sunan yaro na cikin rajista, fashi ne ake rubuta masa. Tarar fashi tun daga Agustan 2024 fam 80 ce a kan kowane mahaifi, a kan kowane yaro, ta koma 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba. Ki lissafa yara uku da uwa da uba.

'Yan uwa da ke karanta ni daga wasu ƙasashe, don Allah kada ku ɗauki wannan ku yi aiki da shi a inda kuke. A Jamus karatun gida haramtacce ne, zuwa makaranta dole ne, har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan gwamnatin ƙasar a 2019. Faransa ta sauya dokarta a 2021, yanzu sai an nemi izini kuma sai da dalili karɓaɓɓe. Ko Sikotland da ke nan kusa da mu, sai kansil ta amince kafin a cire yaro daga makarantar gwamnati. Amurka kuwa kowace jiha da tata dokar.

To ga abin da saƙonnin murya ba sa faɗa. Ranar da wasiƙar nan ta isa ofishin makaranta, komai ya dawo kanki. Gwamnati ba za ta ba ki ko sisi ba. Littattafai, takarda, kwamfuta, malamin lissafi idan abin ya fi ƙarfinki, duk aljihunki ne. Ba a ajiye wa yaro gurbinsa. Idan bayan wata biyu kika ga ba za ki iya ba, sabuwar nema za ki yi, kuma inda aka sami gurbi nan za a tura ki, ko da motar bas biyu za ki hau. Hatta allurar rigakafin da ake yi wa yara a makaranta, ke za ki bi sahu ki nema.

Sai jarrabawa, wadda ita ce ta fi ba iyaye mamaki. Yaron makaranta kyauta yake zana GCSE, wato jarrabawar kammala sakandare. Naki kuwa ɗalibi ne mai zaman kansa: ke za ki nemo cibiyar da za ta karɓe shi, ke za ki biya, kuma darasi ɗaya kan ci fam ɗari da ɗoriya. Ba kowace manhaja ce ma za ta yiwu ba, domin wasu na buƙatar aikin da malamin aji zai duba ya ba da maki, shi ya sa yawancinmu muke karkata ga takwararta IGCSE ta hukumar jarrabawa ta Cambridge ko ta Edexcel, inda a darussa da yawa rubutun jarrabawa kaɗai ya isa. Ɗana shekararsa 12, amma tuni na san cibiyoyi biyu da zan iya kai shi, kuma na buɗe asusu ina tara kuɗin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokaci ma kuɗi ne. Na rage aikina zuwa kwana biyu a mako, maigida ya ƙara nasa. Da yawa daga cikin matanmu da suka zo shekarun nan aikin kula da tsofaffi suke yi, wasu kwana suke a wurin aiki. Wadda ta dawo ƙarfe takwas na safe idonta jajawur, yaushe za ta zauna da yaro a kan kashi-kashi da ninkawa? A gida mun saba da gidan yawa. Ga kaka, ga gwaggo, ga yaran maƙwabta a tsakar gida, ga malamin allo a zaure. Yaro ko bai je boko ba yana cikin mutane. Nan ɗaki biyu ne a hawa na uku, kuma a watan Disamba ƙarfe huɗu gari ya yi duhu. Yaron da aka cire aka ajiye shi da waya a hannu daga safe har dare, an cuce shi, ko da niyyar uwarsa ta kai madara fari.

Akwai wata dabara da nake jin ana yaɗawa: mu haɗa yaranmu goma a gidan wata ko a ɗakin islamiyya, mu ɗauki malami ya riƙe su kullum. Ku yi hattara. Duk wurin da ke ba yara biyar ko fiye ilimi na cikakken lokaci, a idon doka makaranta ce, dole a yi mata rajista, kuma gudanar da ita ba rajista laifi ne da aka sha gurfanar da mutane a kansa. Haɗuwa ta 'yan sa'o'i a mako ba matsala. Mayar da ita makarantar ɓoye shi ne abin gudu.

Yanzu in zo kan abin da na san wasu za su yi fushi da ni. Idan kansil ta rubuto tana tambayar yadda karatun ke tafiya, ki amsa. A zaurukan masu karatun gida akwai masu koya wa mutane yadda za su yi kunnen uwar shegu da wasiƙun hukuma. Gaskiya ne doka ba ta tilasta miki buɗe musu ƙofar gidanki ba. Amma idan suka ga alamar yaro ba ya samun ilimi, sashe na 437 na waccan dokar ta 1996 ya ba su ikon fara bin matakan mayar da shi makaranta dole. Ni duk shekara shafi biyu nake rubuta musu: abin da muka karanta, littattafan da muka bi, inda ya ci gaba, inda yake ɗingishi. Ban taɓa samun matsala ba.

Kuma ba don tsoro nake yi ba. A watan Agustan 2023 aka tsinci gawar wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Woking. Malamanta sun ga tabo a fuskarta sun kai rahoto, sai a watan Afrilu aka cire ta da sunan za a koyar da ita a gida. Wata huɗu bayan nan ta rasu, kuma a Disambar 2024 kotu ta sami mahaifinta da matarsa da laifin kisanta. A wancan watan na Disambar 2024 ne gwamnati ta gabatar da ƙudurin doka mai neman a buɗe rajistar yaran da ba sa makaranta, a kuma wajabta neman izini kafin cire yaron da hukumar kare yara ke bincike a kansa. Masu karatun gida da yawa sun yi ta kukan cewa ana yi musu kuɗin goro. Na fahimci zafinsu, domin mafi yawanmu don son yaranmu muka yi. Amma alƙaluman ma'aikatar ilimi sun nuna yara 111,700 ke karatun gida a kakar 2024, daga 92,000 shekara guda kafin nan. A cikin wannan taro akwai yaran da makaranta ce kaɗai inda wani babba ke ganin fuskarsu. Idan rubuta sunan ɗana a rajista zai sa a ƙwanƙwasa ƙofar yarinya ɗaya irin waccan, na yarda a rubuta.

Wadda ta auna duk wannan ta ga har yanzu gida ne alheri ga yaronta, to bismillah, ba ke kaɗai ba ce. Katin laburare kyauta ne, kuma babban laburaren tsakiyar Manchesta ya zame mana aji na biyu. Gidan tarihi na jami'a da gidan tarihin kimiyya da masana'antu duk shiga kyauta ne, kuma ranar aiki da hantsi kusan ku kaɗai ne a ciki. Ɗana ya fahimci yadda injin tururi ke aiki ne yana tsaye a gabansa. A intanet akwai Oak National Academy, da aka kafa lokacin kullen korona na 2020, darussa aji-aji ba ko kwabo, ga kuma BBC Bitesize. Ƙungiyar Education Otherwise tun 1977 take ba iyaye shawara a kan doka. Wasu kwalejoji na karɓar yaran gida 'yan 14 zuwa 16 a wasu darussa ba tare da kin biya ba, sai ki tambayi na kusa da ke. A Facebook kusan kowane yanki na da zauren masu karatun gida. Ta nan muka sami ninƙaya ranar Talata da ƙwallo ranar Alhamis. Yawancin iyayen Turawa ne, kuma su suka nuna mini hanya lokacin da ban san gabas ba. Kada ki ce sai Hausawa ko sai Musulmi za ki zauna da su, za ki daɗe ke kaɗai.

Ita kuwa ƙanwata, abin da na ce mata shi ne gani ya kori ji. Tana da haƙƙin ta ce a nuna mata kayan da ake koyarwa da su. Darasin zamantakewa wajibi ne tun Satumbar 2020, ba a cire yaro daga cikinsa, wannan gaskiya ce kuma ban ɓoye mata ba. Amma ilimin jima'i ba wajibi ba ne a firamare, in ban da abin da ke cikin darasin kimiyya, kuma idan makaranta na koyar da shi, ta rubuta a cire nata, dole a cire. Haka darasin addini da taron ibada na safe. Sauran kuma aikinta ne da yamma, ta zaunar da su ta tambaye su me aka ce yau, ta faɗa musu abin da gidansu ya yarda da shi.

Litinin ta kai su makaranta. Ta nemi ganin shugabar, an ba ta ranar Alhamis ƙarfe tara da rabi, kuma na ce mata zan raka ta.