Masu gona, mu riƙa haɗuwa ko da babu rigima

Jama'a, wani abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu da muke da gonaki a gefen Kano, ba ma ganin juna sai an yi rigima. Maƙwabcinka na gabas ya rasu, magada sun raba, ɗaya ya sayar da kasonsa ta hannun dillali, kai ba ka da labari sai ranar da ka tarar an kafa turaku, an ci maka kunya uku. Daga nan sai zarya: gidan mai unguwa, gidan dagaci, kotu.

Bara bayan an gama kaka, na kira mu goma sha ɗaya da gonakinmu suka haɗa iyaka. Ranar Asabar bayan la'asar, gindin tsamiyar da ke bakin burtali. Tabarma huɗu, mai shayi, tsire, goro, da fura saboda dattawa. Shi ke nan. Farkon zaman kowa na kallon kowa, don a tunaninsu fili zan sayar ko takara zan fito. Sai da shayi ya zaga sau biyu aka saki jiki.

Wani dattijo da muke ce wa Baba, wanda ya noma wajen tun kafin a haife ni, ya tashi ya ce mu biyo shi. Ya zaga da mu yana nunawa da sanda: wannan layin gamba kakan wane ne ya dasa, wancan bini-da-zugun ba iyaka ba ne, shingen awaki ne, ainihin iyakar ita ce kututturen ɗorawar can. Mutum biyu da suka shekara suna gaisawa da ƙyar suka tsaya suna sauraro, babu wanda ya ce uffan. Wallahi abin da ke kan Baba babu shi a kowace takarda, kuma ranar da ya rasu, ya tafi da shi.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, takarda dole ce. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amana, ƙaramar hukuma kuma ke ba da shaidar mallakar gonakin karkara. Amma nawa ne cikinmu ke da ita? Yawancinmu rubutun ciniki ne da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa, shaidun ma rabi sun riga mu gidan gaskiya.

Inda na saɓa da wasu abokaina shi ne batun mai da abin ƙungiya. Ban yarda ba. Da an naɗa shugaba da ma'aji aka yanka kuɗin wata, 'yan siyasa za su ji ƙamshi, mai kadada ɗaya kuma zai koma bayan mai kadada ashirin ya yi shiru. A kan tabarma kuwa kafaɗa ɗaya muke.

Kuskurena biyu. Ban gayyaci Ardo ba, alhali shanunsa ta burtalin nan suke bi kullum. Na kuma manta da Hajiyar da ta gaji gonar yamma, wadda ta aiko mini da saƙo mai zafi washegari, kuma gaskiyarta ce.

Bana in Allah ya kai mu, da an ɗaure gero a rumbu za mu sake zama, su biyun zan fara aika wa goro. Shayi dai ba ni zan sake saya ba, layin Alhajin da ke arewa da ni ne.