Kafin ka taya tela, juya wuyan rigarka

'Yan uwana matasa, musamman ku da kuka shiga sayar da ɗinkakkun kaya a Instagram da WhatsApp, ku ba ni aron kunnuwanku.

Duk ranar da ka shiga Ƙofar Wambai aka fasa dilar gwanjo, ɗauki riga ka juya wuyanta. Sau tari za ka ga Bangladesh, ko Biyetnam, ko Kambodiya. Kamfanin da sunansa ke jiki yana can Turai ko Amurka, galibi ma ba shi ne ya ɗinka ba. Kwangila yake ba wanda ya fi araha, shi kuma ya matse na ƙasa da shi, har matsin ya ƙare a kan yarinyar da ke zaune gaban keke.

Ranar 24 ga Afrilu, 2013, wani bene mai hawa takwas, Rana Plaza, da ke ɗauke da masana'antun ɗinki, ya rufta a Savar, kusa da Dhaka, babban birnin Bangladesh. Mutum 1,134 suka rasu, yawancinsu mata masu ɗinki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tun ana gobe an ga bango ya tsage. Banki da shagunan ƙasa suka rufe, amma masu ɗinki aka ce su koma bakin aiki, wanda ya ƙi ya manta da albashinsa. Mafi ƙarancin albashin kuwa a lokacin taka 3,000 ne a wata a kuɗin Bangladesh, ko dala 40 bai kai ba.

Na san wani zai ce ina ruwan Kano da Dhaka. To, laifi tudu ne. Ka leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi, wajen ƙarfe uku na dare. Za ka tarar da yaron shago yana guga yana gyangyaɗi, hayaƙin janareta ya cika ɗaki, ƙofa ɗaya ce, ita ma dilolin yadi sun tare rabinta. Ka tambayi ladansa, a ce maka kuɗin abinci, ai koyo yake. Shekara huɗu, har yanzu koyo?

Kada ka yi saurin zagin maigidansa, shi ma matse shi aka yi. Kai ne ka kawo kaftani talatin ana saura kwana biyar Salla, ka taya rabin kuɗi, da ya yi ƙorafi ka ce, "In ba za ka yi ba, akwai wani." Wallahi wannan ita ce maganar da manyan kamfanonin can ke faɗa wa masu masana'anta, illa su da Turanci suke faɗa. Ga kuma baiwar Allah da ke ɗinka maka hula a cikin gida, ta yi makonni idonta a kan allura, ka karɓa bashi, ka sayar ka ci riba, ita tana ta aiko yaro ana ce masa ba ka nan.

Dukanmu mun san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wanda muke tsallakewa shi ne hadisi ƙudsi da Bukhari ya ruwaito: mutum uku Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya cika masa aiki, ya hana shi lada.

Ban ce kada ka ci riba ba. Kai ɗinkinka tun Sha'aban, ku yanke farashi a fili, ka biya ranar da ka karɓa. In ka je karɓar, ka tambayi yaron da ke naɗe maka kayan ƙarfe nawa ya kwanta jiya.