Kafin a ce gigin tsufa ne, a ɗauki hoton kan

Dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar kafin azahar, ya ajiye carbinsa cikin kwanon abinci, ya ɓata a hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana zuwa. A yawancin gidaje hukuncin a shirye yake: gigin tsufa ne, sai haƙuri. Wani gidan a ce sammu ne ko iska, tsohuwa kuwa ba wuya a jefe ta da maita. Likitoci na kiran wannan hali cutar mantuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ne ke fama da ita a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A ganina, cikin duk abin da binciken hoton ƙwaƙwalwa ya samar, wanda ya fi amfanar iyali shi ne hoton CT da MRI na yau da kullum, wato hotunan cikin kai da injinan asibiti ke ɗauka, duk da cewa wasu ne ke cika kanun labarai.

A 1906 da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana cutar da ake kira da sunansa, sai da majinyaciyarsa Auguste Deter ta rasu sannan ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga dunƙulen furotin biyu da yau ake kira amiloyid da tau. Haka aka ci gaba, tabbaci sai bayan mutuwa. A 1971 aka ɗauki hoton CT na farko na kan majinyaci a Landan, MRI ya biyo baya.

Aikin farko na hoton shi ne gano abin da ke kama da cutar mantuwa alhali yana da magani. Tsoho ya zame a banɗaki ya bugi kai, ya tashi ya kaɗe rigarsa, kowa ya manta. Bayan mako huɗu ko shida sai ruɗewa da yawan barci da jan ƙafa ɗaya. Jini ne ke taruwa a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da fatar da ke lulluɓe ta, domin ƙwaƙwalwar tsoho ta ɗan motse, ƙananan jijiyoyin da ke wurin sun miƙe, ba wuyar tsinkewa, balle ga mai shan asfirin ko maganin tsinka jini. CT na 'yan mintuna zai nuna shi, likitan tiyata ya huda ƙaramin rami a ƙoƙon kai ya zuƙe, sau da yawa mutum ya dawo hayyacinsa. Akwai kuma taruwar ruwa a ramukan ƙwaƙwalwa, wadda alamunta uku ne: tafiya kamar ƙafa ta manne da ƙasa, rashin riƙe fitsari, da mantuwa. Ana iya sa siririn bututu ya riƙa kai ruwan zuwa ciki. Ƙari a gaban kai shi ma yakan fara da sauya hali kafin ciwon kai. Waɗannan ba su ne mafi rinjaye ba, amma duk wanda aka bari da sunan tsufa an cuce shi.

MRI ya fi CT ganin ƙananan abubuwa. Likitan hoto yakan duba wani ɗan sashe mai lanƙwasa a cikin kowane gefen kai, hifokamfas, inda ake ɗaure sabon abin da mutum ya ji ko ya gani. Ana ba motsewarsa maki daga 0 zuwa 4, kuma a cutar Alzheimer yana cikin wuraren da ke fara lalacewa. Shi ya sa majinyaci zai kawo labarin aurensa tiryan-tiryan amma ya manta ya karya kumallo. Sai fararen tabo a zurfin ƙwaƙwalwa, masu maki 0 zuwa 3, alamar ƙananan jijiyoyin jini sun sha wahala, galibi daga hawan jini da ciwon sukari. Matsalar MRI a aikace ita ce mutum zai kwanta cikin rami mai ƙara na minti 20 zuwa 30 ba motsi. Wanda ya riga ya ruɗe zai yi ta juya kai, hoton ya dushe, kuɗi ya tafi. A irin wannan hali CT mai kyau ya fi MRI mara kyau. A kuma faɗa wa ma'aikata tun farko idan akwai na'urar daidaita bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki.

Inda binciken ya fi zuba kuɗi shi ne hoton PET, wanda ake yi wa mutum allurar wani sinadari, injin ya nuna inda ya taru a ƙwaƙwalwa. A 2004 masu bincike na Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinsu na Uppsala a Suwidin suka nuna amiloyid a kan mutum mai rai. Sinadarin da suka yi allurarsa rabin ƙarfinsa na zubewa duk minti 20, don haka dole injin da ke haɗa shi ya kasance a harabar asibitin. Wanda Amurka ta amince da shi a 2012 yana kai wajen minti 110, abin da ya ba da damar ɗaukarsa a mota zuwa wani asibiti. Wannan hoto ya koyar da babban abu: amiloyid yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta bayyana. Amma ya zo da ƙura, domin wani nazari na 2015 ya nuna cewa a cikin mutanen da hankalinsu garau yake, kusan kashi 10 cikin ɗari na 'yan shekara 50 da kashi 44 na 'yan shekara 90 suna da shi. Hoton da ya fito babu amiloyid yana kore Alzheimer da ƙarfi, wanda ya fito da shi kuwa bai isa hujja shi kaɗai ba.

Magungunan da suka biyo wannan hanya sun ƙara fito da iyakarta. Lecanemab, da Amurka ta ba cikakken izini a 2023, yana share amiloyid har hoto ya yi fes. A gwajin mutum 1,795 na wata 18, ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin ɗari, wato bambancin maki 0.45 a ma'auni mai maki 18, abin da iyali da yawa ba za su lura da shi ba. A 2023 ana ba da shi ta ƙarin ruwa duk mako biyu, an sa masa dala 26,500 a shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin takwas ya samu kumburin ƙwaƙwalwa, don haka dole a yi ta maimaita MRI a watannin farko. Hukumar da ke tantance magunguna ga asibitocin gwamnatin Ingila ta ce amfaninsa bai kai kuɗinsa ba. Masu goyon bayansa na cewa somin taɓi ne, kuma suna da gaskiya. Gwajin jini da Amurka ta amince da shi a 2025 zai iya rage buƙatar PET, wannan kam labari ne mai daɗi ga ƙasashen da ba su da injinan.

Akwai wani giɓi. Babban shirin tara hotuna na ADNI da aka fara a Amurka a 2004 yawancin mutanensa fararen fata ne masu ilimin boko mai zurfi, kuma daga irinsu ake fitar da ma'auni. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka ya gano Yarbawan Ibadan ba sa kamuwa da cutar kamar baƙaƙen fatar Amurka, abin da ke nuna ba a ɗauko sakamakon wata al'umma a ɗora wa wata kai tsaye. A inda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suka yi katutu kamar Najeriya da Nijar, fararen tabon nan su ya kamata a fi sa wa ido. Gwajin SPRINT na Amurka ya nuna a 2019 cewa waɗanda aka matsa wa lambar sama ta awon jininsu ta sauka ƙasa da 120 tabonsu bai ƙaru kamar na sauran ba.

Ga iyalin da ke da mara lafiya, tsarin shi ne a fara da bayanin wanda ke zaune da shi: yaushe abin ya fara, a hankali ne ko farat ɗaya, ya taɓa faɗuwa, waɗanne magunguna yake sha. Sai gwajin jini na sukari, ƙoda, sinadarin maƙoshi, bitamin B12 da HIV, sannan hoto sau ɗaya. Idan yana ganin mutanen da babu su, jikinsa na ƙagewa, hankalinsa na zuwa yana komawa, a faɗa wa likita kafin a ba shi haloperidol don ya natsu, domin masu nau'in cutar da ake kira Lewy wannan magani na iya yi musu mummunar illa.