Bidiyon yaƙin saman da aka turo mana ashe fim ne

Asabar ɗin da ta wuce na kai yarona gidan tarihin sojan saman Ingila da ke Hendon, arewacin Landan. Jirgin ƙasa ake hawa a sauka a Colindale a ɗan taka, shiga kyauta ne, ko sisi ba a karɓa. Wasu manyan rumfuna ne, jirage a jere wasu a ƙasa wasu an rataye su a sama, ga iyaye da yara ko'ina, kowane jirgi da ɗan allonsa a gaba an rubuta shekarar da aka ƙera shi da inda ya yi aiki. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya kuwa da na matsa kusa sai na ga ashe katako ne da yadi aka ɗame aka shafa masa wani abu ya yi tauri, sai wayoyi siri-siri kamar na tayar keke.

To akwai wani bidiyo da aka turo a gurup ɗinmu na gida, baƙi da fari, an rubuta wai ainihin yaƙin sama ne na 1917, ni ma na tura wa wasu. Yaron ya karɓi wayata ya nuna wa wani dattijo mai aikin sa kai a wurin. Mutumin ya gyara tabarau, bai yi minti guda yana kallo ba ya ce wannan daga fim ɗin Amurka ne, Hell's Angels na Howard Hughes, 1930, shekara 12 bayan an gama yaƙin. Wallahi raina ya sosu, don a gaban ɗana ne. Amma bai tsaya nan ba, ya ce mu duba, yanzu an nuno jirgin daga baya, yanzu fuskar matuƙin dab da kai, yanzu kuma daga gefe yana ci da wuta, wa ke riƙe da duk kyamarorin nan ana ruwan harsashi? Kyamarar lokacin akwati ce mai nauyi, da hannu ake murɗa ta. Rugugin injin da muke ji ma daga baya aka sa, fim bai da murya a lokacin yaƙin. Kuma wannan sauri-saurin da mutane suke yi a tsofaffin hotuna kamar ana korarsu, hoto 16 zuwa 18 ake ɗauka a daƙiƙa, mu kuma muna kunnawa a 24.

Na gaskiyar yawanci a ƙasa aka ɗauke su. Makanike yana juya farfela da hannu ya yi tsalle gefe, matuƙi yana cusa kansa cikin rigar fata, jirgi yana gudu a kan ciyawa. Akwai na jana'izar Richthofen, Bajamushen nan da ya harbo jirage 80, sojojin Ostareliya ne suka binne shi a Afrilun 1918. Irin waɗannan suna da amfani, ban musa ba, yaro zai ga yadda abin ya faro, zai gane ƙarfin halin mutumin da ya hau katako ya tashi sama, matuƙan Ingila ma ko laimar sauka ba a ba su. Kuma na yaba wa Turawan Ingila, komai an adana, an san ranar ɗauka, wanda aka shirya an faɗa, har sanannen fim ɗinsu na yaƙin Somme na 1916 sun yarda wurin da sojoji ke fitowa daga rami shiri ne.

Sai dai ni ban yarda a kira wannan tarihin yaƙi ba. Gwamnati ce ta tura mai kyamara, ita ta tace, majigi ne kawai, irin wanda iyayenmu suka kalla a ƙofar fada. Bom na farko da aka jefa daga jirgi a Afirka ya sauka, Italiya ta jefa shi a Libiya ranar 1 ga Nuwamba 1911. A 1920 jiragen Ingila suka yi wa mutanen Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, jagoran masu yaƙi da mulkin mallaka, luguden wuta a Somaliya. Matuƙi da murmushinsa kake gani, wanda ke ƙasa da awakinsa da 'ya'yansa ba ka ganinsa, kuma mu a wancan zamanin mutanen ƙasa ne.

Can muka zo kan wani jirgi mai fiffike biyu sama da ƙasa, DH.9A. Nan na tsaya. Irinsa guda uku ne suka taso daga Helwan ta Masar suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, hafsan sojan saman Ingila Arthur Coningham ke jagorantarsu. Kakanmu yana yaro a lokacin, kuma na sha jin labarin a bakinsa a zaure bayan isha, yadda ƙarar ta rigayi jirgin isowa, mata na kwashe yara, wasu na salati, su kuma suka bi ayari a guje babu takalmi. Da hannu yake kwatanta yadda ya karkato kafin ya taɓa ƙasa. Wannan a wurina ya fi duk abin da ke cikin rumfunan nan, amma ba wanda ya sa masa rikoda, alhali akwai ta a gidan, kaset ɗin wa'azi da na waƙa cike da kwali.

Da daddare na kira Yaya na ce don Allah ya tuna min yadda Kaka yake faɗa. Shi ya ce da safe ne, ni kuma na riƙe da yamma. Mun fi rabin awa a kai, yaron yana zaune gefena yana jira in fassara masa, don Hausar tasa ba ta kai ba.