Kun sayar mini da tikitin zuwa, kuka hana ni tafiya da shi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba ina tsaye a layin awon kaya a filin jirgi a Legas, da jaka ɗaya da ƙullin turaren wuta na tsaraba. Ɗaurin auren 'yar yayata zan je a unguwar Nima, cikin Accra. Koren fasfona na ECOWAS yana hannu, katin allurar shawara na cikinsa, tikitina kuma na biya shi tun makonni uku da suka wuce. Matar da ke kan kanta ta karɓa, ta danna kwamfuta, ta ɗago kai ta ce, "Ina tikitin dawowa?"

Na ce mata ta mota zan dawo. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da leshi nake sayarwa a Kantin Kwari. Idan an watse daga biki zan bi ta Aflawo, iyakar Gana da Togo, in shiga Lome in yi sari, in wuce Kwatano in ƙara, in fito ta Seme. Wannan hanya na san ta kamar tafin hannuna. Jirgin ma don gudun kada in rasa ɗaurin aure na hau shi. Ta ce ita ba ta san wannan ba, in babu tikitin fita daga Gana ba za ta ba ni katin shiga jirgi ba. Ta ture fasfona gefe, ta kira na bayana.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na nemi shugabansu, ya zo da rediyon oba-oba a hannu yana duba agogo. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Idan suka ƙi karɓar ka a can, mu za mu dawo da kai da kuɗinmu, kuma mu za a ci tara." Na ce to in nuna maka rasit na motar da zan shiga daga Accra? Ya ce sai na jirgi. Na nuna masa katin gayyata, da hatimin shiga da fita na Seme da suka cika shafukan fasfon, shaidar cewa duk zuwan da na taɓa yi na dawo gidana. Ko kallo bai yi ba. Ya ce saura minti ashirin su rufe kanta.

Na san inda tsoron nasu ya samo asali, kuma ba ƙarya ya yi ba. Tun yarjejeniyar sufurin jiragen sama ta Chicago ta 1944 da ƙa'idojin da aka rataya mata, kamfanin da ya kai fasinja wata ƙasa aka ƙi karɓar sa, shi ke da alhakin kwashe shi. Ƙasashe da yawa sun ƙara da tara. Ingila tana cin kamfani fam 2,000 a kan kowane mutum da ya sauke ba cikakkun takardu, Tarayyar Turai kuma tun 2001 ta sa tara ta dubban Yuro a kan haka. Shi ya sa kamfanoni ke duba wani rumbun bayanai na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, da ake kira Timatic, wanda ke nuna abin da kowace ƙasa take nema daga mai riƙe da kowane fasfo. Ma'aikacin kanta ya zama jami'in shige da fice tun kafin ka bar ƙasarku, kuma shi ba ya asarar komai idan ya hana ka tafiya. Idan ya bar ka aka dawo da kai ne zai amsa tambaya. To me zai sa ya saurare ka?

Amma ku kamfanin jirgin, in har kun san da wannan, me ya hana ku faɗa ranar da kuke karɓar kuɗina? A shafinku na intanet na sayi tikitin nan. Ku kuka sa maɓallin zuwa kaɗai, ku kuka tambayi lambar fasfona da ƙasata, kuka ga inda na dosa. Kun aiko mini saƙo a kan nauyin kaya, kun aiko tallan zaɓen kujera, kun aiko tunin lokacin tashi. Layi ɗaya da zai ce kada ka zo sai da tikitin fita, shi ne ya gagare ku? Kun yi shiru har sai da na baro Kano, na kwana a Legas, na biya masauki da tasi, na tsaya a gabanku da asuba ba ni da wata mafita, sannan kuka buɗe baki. Wannan cin amana ne. An kai mutum bakin rijiya sannan aka ce masa guga na sayarwa ne.

Kuma Gana za ni, ba Turai ba. Tun 1979 shugabannin ECOWAS suka sa hannu a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa a cikin ƙungiyar zai shiga ɗaya ba biza, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da katin allura. Duka biyun suna hannuna. Wanda ya shiga mota daga Legas ya bi ta Seme da Hilakonji da Aflawo, yana shan tasa wahalar a shingaye, amma ba a ce masa ya nuna tikitin dawowa. Mutum ɗaya, fasfo ɗaya, ƙasa ɗaya, don kawai ya zaɓi sama sai ya zama abin zargi? Kakanninmu da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro, su yi watanni a Salaga, wasu su dawo, wasu su kafa zango. Daga irin wannan kai-kawo ne Hausa ta zama harshen Nima da zangon Kumasi. Yau jikansu zai je bikin 'yar gidansu ana tambayar sa hujjar cewa ba gudu zai yi ba.

Ina nan tsaye zufa na karyo mini, wani saurayi ya matso ya yi ƙasa da murya. "Baba, kawo wani abu in haɗa maka na nunawa, minti biyar." Na san abin da yake nufi. Ana kama kujera a jirgi ba tare da an biya ba, a buga maka takarda mai lamba, bayan kwana ɗaya ko biyu ta mutu da kanta. Akwai shafuka a intanet da wannan ce sana'arsu, dala goma sha wani abu. Ga inda abin ya fi ƙona mini rai. Wanda ya yi niyyar shiga ƙasar mutane ya ɓace, wannan ƙa'ida ba ta tare shi ko taku ɗaya, da 'yan canji zai wuce yana murmushi. Mai gaskiyar da ya buɗe baki ya faɗi ainihin shirinsa, shi ake turewa gefe. Na ƙi tayin yaron, don ba zan fara tafiyar zumunci da takardar ƙarya ba.

Ba ni kaɗai abin ke ci ba. Ka tuna masu kai marasa lafiya Alƙahira ko Indiya. Wa ya san ranar da likita zai sallami majinyaci? Dole su ƙirƙiri rana su saya, ranar ta zo ana kan gado, su biya kuɗin canji, wani lokaci har sau biyu, daga kuɗin da aka sayar da fili aka tara don magani.

Da sauran minti bakwai na tafi tebur ɗinsu na sayar da tikiti. Farashin ranar tafiya ba irin na makonni uku baya ba ne, kowa ya sani. Abin da na biya na dawowar da ba zan yi ba ya haura abin da na biya na zuwan. Daga jarin sari na cire shi, kuɗin da zai sayo turamen atamfa masu yawa a Lome. Hannuna na rawa na miƙa katin banki, mai sayarwar tana ce mini in ban yi amfani da shi ba zan iya neman a mayar mini.

Na sauka a Accra da hantsi. Jami'in shige da fice ya duba katin allura, ya tambaye ni inda zan sauka da kwana nawa zan yi, ya buga hatimi. Tikitin dawowa ko ambatonsa bai yi ba.

Na yi bikina, na biyo hanyata ta mota kamar yadda na faɗa musu tun farko, da sari wanda bai kai yadda na tsara ba. Yau wata biyu da kwanaki ina bin kuɗina. Na cika fom sau biyu, na kira layinsu har katin wayata ya ƙare. Amsar ƙarshe da suka aiko ita ce, irin tikitin da aka yanka mini ba a mayar da kuɗinsa, sai ɗan abin da ya shafi haraji, shi ma in ƙara jira. Kujerar kuwa ranar da jirgin ya taso daga Accra ina cikin kasuwar Dantokpa a Kwatano ina ciniki.